Makarantar Turanci da Italiyanci a haɗe: me iyaye ke saya da kuɗinsu a Italiya?

Wai idan ka sa ɗanka a irin makarantun nan da ke cewa suna bin tsarin Birtaniya da na Italiya a haɗe, rabi Turanci rabi Italiyanci, shin da gaske zai gama da takardun ƙasashen biyu a hannu, ya zaɓi inda ransa ke so ya ci gaba, ko Landan ko Milan? Wannan tambaya ta daɗe tana yawo a bakin iyaye baƙi mazauna Italiya, har da namu 'yan Ghana da Nijar da Najeriya da ke Brescia da Modena da Verona da Napoli, kuma ta ƙara zafi tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai. A da hanya a buɗe take, mutum ya yi zamansa har ya samu fasfon Italiya, sai ya kwashi iyali ya nufi Ingila, yara su shiga makarantar gwamnati kyauta su koyi Turancinsu. Daga 1 ga Janairun 2021 wannan ƙofa ta rufe ga sabbin masu zuwa, shi ya sa hankalin wasu ya koma kan makarantun kuɗi da ke cikin Italiyar kanta, wai tunda ba a iya kai yaro Ingila to a kawo masa Ingila har gida.

Abin da na gani a lamarin shi ne har yaro ya kai shekara 14 haɗin yana yiwuwa kuma yana da amfani sosai, amma daga nan kusan dole ne a zaɓi hanya ɗaya, kuma da yawan iyaye ba sa gane haka sai sun riga sun zuba kuɗin shekara takwas.

Sunan da ke jikin get bai isa ba

Za ka ga allo an rubuta International, ko British, ko Bilingue, da tutoci biyu suna kaɗawa. Waɗannan kalmomin talla ne, ba su ke nuna matsayin makaranta a idon hukuma ba. Kalmar da ke da nauyi a Italiya ita ce paritaria. Tun daga dokar da aka yi a shekarar 2000, doka mai lamba 62, makarantar kuɗi da ta cika sharuɗɗa ana ba ta wannan matsayi, wato ta zama daidai da ta gwamnati, sakamakonta da satifiket ɗinta suna aiki a ko'ina a ƙasar, yaro zai iya barinta yau ya shiga ta gwamnati gobe ba tare da wata jarabawa ba. Amma fa sharaɗin shi ne ta bi manhajar Italiya.

Sai kuma makarantun da suke na ƙasar waje zalla duk da cewa a Italiya suke zaune, kamar St George's da ke Roma wadda aka kafa a 1958, ko British School of Milan da ta faro a 1969. Irin waɗannan manhajar Ingila ce ƙashin bayansu, Italiyanci kuma darasi ne a cikin darussa. Makarantu ne masu suna, amma yaron da ke irin wannan makaranta idan yana son komawa ta gwamnati sai ya zauna wata jarabawa da ake kira idoneità, wadda za ta tabbatar ya kai matakin ajin da yake nema.

Akwai na tsakiya, kuma su ne suka fi rikita mutane. Wata za ka tarar firamarenta paritaria ce amma ajujuwan gaba ba haka ba ne. Wata kuma ba ta da matsayin gaba ɗaya, sai dai tana shirya yara su je wata makarantar su rubuta jarabawar gwamnati a matsayin 'yan waje, abin da Italiyawa ke ce wa privatista. Duk su ukun za su ce maka "muna haɗa tsarin biyu", kuma ba ƙarya suka yi ba, sai dai haɗin kowa daban.

A ɓangaren Birtaniya ma akwai abin dubawa. Ma'aikatar ilimin Ingila tana da tsarin sa ido kan makarantun da ke ƙasashen waje da ake kira BSO, na ganin dama ne ba dole ba, amma makarantar da ta shiga ana buga rahoton binciken da aka yi mata kowa ya karanta. Akwai kuma ƙungiyar COBIS da makarantun Birtaniya na waje ke shiga. Idan makaranta ta ce ita British ce amma ba ta da rahoton kowa, kuma ba cibiyar jarabawar Cambridge ko Pearson Edexcel ba ce, to ka tambayi kanka me ya rage na Birtaniyar banda yunifom.

Tsarin biyu ba tafiyarsu ɗaya ba

A Ingila yaro yana shiga ajin Reception yana ɗan shekara 4 zuwa 5, yana da 5 ya riga ya fara haɗa baƙi a aji ɗaya. A Italiya sai ya kai 6 yake shiga ajin farko na firamare, kafin nan yana makarantar raino ce ta infanzia inda wasa da zane da magana suka fi yawa. Wato aji na biyu a Ingila shi ne daidai da ajin farko a Italiya. Har yadda ake lissafin shekarun ma ya bambanta, Ingila tana bin Satumba zuwa Agusta, Italiya kuma tana bin shekarar kalanda daga Janairu zuwa Disamba, saboda haka yaron da aka haifa a Oktoba ko Nuwamba zai iya samun kansa a aji daban idan aka canja masa tsari, ko ya zama shi ne ƙarami ko ya zama babba a ajin.

Italiya firamare shekara 5 ce, sai media, wato ƙaramar sakandare, shekara 3, sai babbar sakandare shekara 5, yaro ya gama yana da 19. Ingila kuwa yaro yana rubuta jarabawar GCSE yana da 16, sannan ta A-level, wadda ake neman jami'a da ita, yana da 18. Karatun dole a Italiya daga shekara 6 ne zuwa 16.

Amma bambancin da ya fi shekaru girma shi ne yadda ake koyarwa. Tsarin Italiya yana son faɗi, kuma yana son baki. Malama za ta kira yaro gaban aji ta yi masa tambayoyi ya amsa da baki, a ba shi maki cikin goma, shida shi ne tsallakewa, wannan shi ne interrogazione da ke sa cikin yara ɗurar ruwa. Tarihi da adabi da nahawu suna da ƙarfi ƙwarai, a liceo, wato babbar sakandaren da ke shirya yaro zuwa jami'a, ana yin falsafa shekara uku, a nau'inta da ake kira classico har da Latin da Girkanci. Tsarin Ingila kuma rubutu ne da takardar jarabawa da ake turawa waje a yi maki, kuma yana ta tsukewa har ya zama a shekara biyun ƙarshe yaro darasi uku ko huɗu kawai yake yi, ya nutsa cikinsu sosai. Yaron da tun yana 16 ya san lissafi da kimiyya yake so zai ji daɗin A-level, wanda kuma bai gama gane kansa ba faɗin tsarin Italiya zai fi yi masa adalci. Ni ban ga wanda ya fi wani a dunƙule ba, yaro ne ke bambantawa.

Inda hanya ke rabuwa

A ƙarshen aji uku na media, yaro yana wajen shekara 14, akwai jarabawar gwamnati ta terza media: rubutun Italiyanci, lissafi, harsunan waje, sannan hira da malamai da baki. Wannan takardar ita ce mabuɗin shiga liceo ko makarantar fasaha ta tecnico ko ta sana'a ta professionale. A wannan shekarar ce kuma ɗan tsarin Ingila yake gama aji tara, yake shirin fara karatun shekara biyu na IGCSE, wato GCSE ta ƙasa da ƙasa.

Toh a nan ne maganar haɗi take ƙarewa a mafi yawan makarantu. Jarabawar ƙarshe ta Italiya, maturità, tana buƙatar darussa da yawa har shekara ta biyar, ana ba da maki cikin 100, 60 ne tsallakewa. A-level kuma tana buƙatar yaro ya ajiye komai ya riƙe uku. Mai hawa doki biyu cikinsa ke tsagewa, kuma makarantun sun san haka, shi ya sa za ka ga daga shekara 14 wata ta koma IGCSE da A-level, wata ta koma IB, wato difloma ta ƙasa da ƙasa, wata kuma ta zama liceo ta ci gaba zuwa maturità tana ƙara wa yara wasu darussan IGCSE a gefe. Italiya tana da yarjejeniyar difloma biyu da Faransa da ake kira EsaBac, inda yaro ke fita da takardar ƙasashen biyu ta hanyar jarabawa guda, kuma ina ganin jin labarinta ne ya sa wasu ke zaton akwai irinta da Birtaniya. Duk makarantar da ta yi maka alkawarin takarda biyu a ƙarshe, ka ce ta faɗi sunan kowace takarda da hukumar da ke ba da ita, ta kuma gaya maka yara nawa suka samu biyun a bara.

Shawarar da zan tsaya a kai ita ce, ko wace hanya kake hange, kar ka yarda yaronka ya wuce shekara 14 bai da takardar terza media. Rayuwa tana juyawa, aiki yana iya tsayawa, kuɗin makaranta ya gagara, kuma ranar da haka ta faru wannan takardar ce za ta ba shi damar shiga sakandaren gwamnati ba tare da wahala ba. Uban da ke aikin kamfanin ƙasa da ƙasa wanda bayan shekara uku za a ɗauke shi zuwa Dubai ko Legas lissafinsa daban ne, shi tsarin Ingila ko IB ne ya fi masa, don duk inda ya sauka zai tarar da irinsa. A Legas ɗin ma akwai makarantar Italiya mai sunan Enrico Mattei, mutumin da ya kafa kamfanin mai na ENI, tana Lekki. Amma wanda ya san a Italiya yaransa za su girma, a nan za su nemi aiki, wataƙila a nan za su nemi zama 'yan ƙasa idan sun kai 18, to Italiyanci mai ƙarfi da takardar Italiya ba abin wasa ba ne gare shi.

Harshe biyu, ko rabi da rabi?

Kalmar bilingue tana rufe abubuwa da yawa. Wata makarantar da gaske take raba mako, lissafi da kimiyya da Turanci, tarihi da adabi da Italiyanci, kowane da malamin da harshensa ne. Wata kuma awa biyar ko shida ce ta Turanci a mako aka ƙara sai aka sa mata suna. Ka ce a ba ka jadawalin aji na mako guda ka ƙirga awannin da kanka, sannan ka tambayi wane darasi ake yi da wane harshe, don yaron da ya yi lissafi da Turanci shekara takwas zai sha mamaki ranar da aka ajiye masa takardar lissafi da Italiyanci, ba don bai iya lissafin ba, kalmomin ne ba su saba da shi ba.

Wani abin da iyaye ke ruɗuwa da shi shi ne jin yaro yana zuba Turanci a gida kamar ruwa. Wani masanin koyon harshe mazaunin Kanada, Jim Cummins, ya daɗe da bambance harshen hira da harshen karatu, ya nuna cewa na hira yaro kan kama shi cikin kamar shekara biyu, amma na karatu, wanda ake rubuta sharhi da shi a fahimci littafin kimiyya da shi, yana ɗaukar shekara biyar zuwa bakwai. Saboda haka a sa yaro a makarantar harshe biyu shekara biyu a cire shi, wallahi asara ce kawai, bai kai ga cin moriyar ba an katse shi.

Akwai kuma fara karatu. Italiyanci yadda aka rubuta haka ake karantawa, kusan kamar bokonmu, yaro cikin 'yan watanni ya kama. Turanci kuwa harafi ɗaya yana iya ba da sauti uku, sai an bi a hankali. Makarantar da ta san aikinta tana da tsari a kan wanne za a fara da shi da kuma yaushe ɗayan zai shigo, kuma za ta iya yi maka bayani ba kame-kame.

Ga namu yaran kuma ba harshe biyu ba ne, uku ne, wani ma huɗu idan ka haɗa da Larabcin allo. Na sha jin ana ba iyaye shawarar su daina yi wa yaro Hausa a gida wai don kar ya rikice, kuma wannan shawara tana ɓata min rai. Yaron da ya tsaya da ƙafarsa a harshen uwarsa ya fi saurin gina wani a kai, kuma uwa da ke ƙoƙarin yi wa ɗanta gurguwar Italiyanci ta rage masa abin da za ta iya ba shi na tatsuniya da nasiha da wasa. Ki yi masa Hausarki cikakkiya, Italiyanci titi da makaranta za su ba shi, Turanci kuma ai shi kuke biyan kuɗi a kai.

Maganar jami'ar Ingila

Wannan ce rashin fahimtar da ta fi tsada. Yin A-level a Roma ba ya mayar da yaro ɗan gida a Ingila. Kuɗin jami'a a can ya dogara ne da matsayin zama da kuma inda mutum ya zauna a shekaru ukun da suka gabata, ba da manhajar da ya bi ba. Tun daga shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 sabbin ɗalibai daga ƙasashen Tarayyar Turai suka daina biyan kuɗin 'yan gida, wanda a lokacin fam 9,250 ne a shekara, suka koma sahun baƙi da ke biyan ninki biyu ko fiye, ga biza, ga rashin bashin karatu na gwamnati. Sai dai wanda yake da izinin zama na musamman tun kafin rabuwar. Don haka uba zai iya biyan kuɗin makarantar Turanci shekara goma sha uku ya iso bakin ƙofa ya tarar kuɗin da ke gaba ya fi na baya.

Kuma abin da ba a cika faɗa ba, jami'o'in Birtaniya suna karɓar maturità ta Italiya ta hanyar UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, kamar kowace takarda, sai dai a nemi maki mai kyau da shaidar Turanci irin IELTS. A ɗaya gefen, jami'o'in Italiya suna karɓar A-level, akalla guda uku da suka dace da kwas ɗin da ake nema, haka ma diflomar IB wadda wata doka ta 1986 ta amince da ita bisa sharuɗɗa, amma akwai zirga-zirgar tantance takardu da ɗan maturità ba zai yi ba. A Italiyar kanta yanzu ana karatu da Turanci a Politecnico ta Milan da Bocconi, ana karatun likita da Turanci a jami'o'in gwamnati kamar Pavia da Sapienza ta Roma ta hanyar jarabawar IMAT, kuma kuɗin jami'ar gwamnati yana bin ƙarfin gida ne bisa takardar ISEE mai auna samun iyali, mai ƙaramin ƙarfi kusan ba ya biyan komai.

Kuɗi, da wata hanya a gefe

Manyan makarantun ƙasa da ƙasa a Roma da Milan kuɗinsu yana kamawa daga sama da yuro 10,000 a ƙananan ajujuwa har ya haura 20,000 a manyan, ban da kuɗin rajista, abinci, motar makaranta, yunifom, tafiye-tafiye, da kuɗin jarabawar IGCSE da ake biya kan kowane darasi. Ƙananan paritaria masu harshe biyu sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma matsayin paritaria yana taɓa aljihu, don a yanki kamar Lombardia akwai tallafin Dote Scuola ga iyalan da kuɗin shigarsu bai kai wani mizani ba. Ka lissafa kuɗin har ƙarshe, kuma ka lissafa da ƙannen da ke tafe, don sa babba a makarantar kuɗi a bar ƙanana yana barin tabo a gida.

Ga wanda wannan ya fi ƙarfinsa, kuma mu faɗi gaskiya shi ne mafi yawanmu, akwai liceo na gwamnati da yawa da suka yi rajista da Cambridge, yaro yana bin manhajar Italiya zuwa maturità yana kuma rubuta IGCSE a wasu darussa kamar lissafi ko kimiyya ko labarin ƙasa, abin da ake biya ɗan ƙari ne kawai da kuɗin jarabawa. Ban da haka, doka ta tanadi a koyar da darasi guda da harshen waje a shekarar ƙarshe ta liceo, tsarin da suke kira CLIL, ko da yake ingancinsa ya danganta da malamin da aka samu. Turancin ba zai kai na ɗan St George's ba, wannan a fili yake, amma ya isa yaro mai himma ya tsallaka. Kuma makarantar gwamnati haƙƙin kowane yaro ne a Italiya, ko iyayensa na da permesso, wato takardar izinin zama, ko babu.

Addini, abinci, da yaro mai buƙata ta musamman

A makarantar gwamnati darasin addinin Katolika na zaɓi ne, tun gyaran yarjejeniyar gwamnati da Vatican a 1984, kana cike fom ka ce ba ka so. Amma paritaria da yawa coci ko 'yan sista ne ke da su, a can addinin yana cikin rayuwar makarantar gaba ɗaya, don haka ka tambaya tun kafin ka sa hannu. Ka tambayi mensa, wato ɗakin cin abincin makaranta, ko suna da abinci marar alade, ka tambayi yadda suke yi da yaro mai azumi da yarinya mai hijabi ranar motsa jiki da ninƙaya. Yadda shugabar makaranta ta amsa maka, da sakin fuska ko da ɗaure ta, zai gaya maka abin da takardar talla ba za ta faɗa ba.

Idan yaronka yana da naƙasa ko matsalar karatu irin ta juya baƙaƙe, a nan gwamnati ta yi zarra. Dokar 104 ta 1992 ta ba yaro mai naƙasa malamin tallafi na sostegno kyauta, dokar 170 ta 2010 kuma ta tanadi sassauci ga masu matsalar karatu da rubutu. Makarantar ƙasar waje tana iya ce maka sai ka biya kuɗin mai tallafin daban, ko ma ta ce ba ta da gurbi.

Ranakun da ba a so su wuce ka

Rajistar shiga ajin farko a makarantun gwamnati ta intanet ake yi a farkon shekara, wajen Janairu, don karatun da zai fara a Satumba, manyan makarantun kuɗi kuma wasu sai ka nemi gurbi shekara guda kafin lokaci. Idan yaronka yana makarantar da ba paritaria ba kuma kana so ya rubuta terza media a matsayin privatista, sai an miƙa takardar nema zuwa 20 ga Maris, saboda dole ya zauna gwajin ƙasa na INVALSI a Afrilu kafin a bar shi ya shiga jarabawar Yuni. Ita kuma idoneità ana nemanta zuwa 30 ga Afrilu, a yi ta kafin ƙarshen Yuni. Wasu makarantun suna ɗaukar nauyin wannan duka, har su raka yara wurin jarabawar, wasu kuma suna barin iyaye da shi, don haka ka sa su rubuta maka a cikin yarjejeniya wa zai cike takardun da kuma wace makaranta yaran za su je su rubuta.